Turke Ɗaya Karkatacce

Ruwan sama bai gama ɗaukewa ba aka bugo waya caji ofis cewa katanga ta faɗa wa mutum a wani wurin gini da ke bakin kwari. Sufeto ya kai kofin shayi baki ke nan. Ya dire shi, ya ɗauki hularsa, ya ce wa Sajan ya tayar da mota.

Sufeto ya tsufa a aikin nan, kuma in akwai abin da ya tsana bai wuce mutuwar wurin gini ba. In ɓarawo ne ka san wanda kake nema, in mai wuƙa ne ma haka. Amma in gini ya kashe mutum, sai kowa ya ce ƙaddara ce, daga baya a lalubo wanda ba shi da gata a rataya masa.

Filin a kan gangare yake. An yanke tudu, an yi doguwar katangar kankare don ta tare ƙasar sama kada ta gangaro kan inda za a gina ɗakunan ajiya. Yanzu kusan dukkanta ta kife, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta biyo bayanta. Can ƙarshe ne kawai ɗan guntu ya rage a tsaye.

Leburori sun riga sun tono gawar, sun rufe ta da tamfol. Sufeto ya ɗaga gefe ɗaya, ya duba, ya mayar. Matashin magidanci ne, bakinsa cike da ƙasa.

"Wane ne?" ya tambaya.

"Mai injin haƙa ne, yallaɓai," in ji wani lebura. "Shi ya haƙa ramukan tushen katangar."

A cikin ramin da aka zaro shi akwai kwanon sarki da ya lotse, da sauran kwaɓaɓɓen siminti a ciki, ga kuma cokalin gini da aka naɗe ƙotarsa da jar waya. Sufeto ya juya cokalin a hannunsa. Mai inji me ya haɗa shi da yaɓe? Ya miƙa wa Sajan ya sa a leda.

A kan wani bulo wani dattijo ne zaune, ya riƙe kai. Shi ne babban magini mai kula da aikin gaba ɗaya. Baba Sambal ake ce masa, domin tun yana matashi maganarsa ɗaya ce a wurin aiki: a miƙe sambal. An ce ya sha rushe bangon da ya kai ƙirji don ya ga ya ɗan langaɓe. Mamacin kuma surukinsa ne, 'yarsa yake aure.

"Sannu, Baba. Allah ya jiƙansa," in ji Sufeto. "Katangar nan ta taɓa tsagewa?"

"Ko kaɗan, ɗana."

"To me ya kai shi gindinta da siminti?"

"Allah kaɗai ya sani. Ajali ne ya kira shi." Dattijon ya share ido da bakin riga. "Mu dai zanen da Injiniya ta ba mu muka bi. Ka tambaye ta."

Ba sai an neme ta ba. Tana bakin ƙofar filin, leburori sun kewaye motarta suna dukan gilashi. Da ƙyar Sajan ya fitar da ita, aka wuce da ita caji ofis don kada a yi gawa biyu.

Kafin azahar shugaban ofis ya gama yanke nasa hukuncin. Mai ginin ya bugo masa waya, 'yan jarida sun bugo, shi kuwa ba ya son hayaniya.

"Ita ta zana, katangarta ta kashe mutum," ya ce wa Sufeto. "Ranar Litinin ka kai ta kotu. Kada ka tsaya min dogon bincike."

Injiniyar mace ce siririya, takalmanta duk taɓo. Da aka shigo da ita ɗakin tambayoyi ba ta yi kuka ba.

"Ki yi min bayani kamar ɗan firamare," in ji Sufeto. "A kan me katangar take tsaye?"

"A kan turaku, yallaɓai. Ƙasar wurin ba ta da ƙarfi, kuma babban inji ba zai shiga gangaren ba. Sai muka yi sirara. Ana haƙa rami mai zurfi, faɗinsa bai wuce faranti ba, a zura rodi, a ɗura siminti. In an gama sai a zuba kankare a rufe kawunansu, a ɗora katanga a kai."

"Sirara kamar faranti su riƙe tudu guda?"

Ta waiga, ta ga bokitin yashin kashe gobara a lungu. Ta ari biron Sajan ta soka a ciki, ta danna shi daga sama da tafin hannu. Biro ya tsaya cak. Sai ta sa ɗan yatsa ɗaya ta tura shi daga gefe, nan take ya kwanta.

"Ka gani? Nauyi daga sama suna ɗauka fiye da yadda kake zato. Amma ita wannan katanga ba daga sama ake danna ta ba, daga baya ƙasa take tura ta. Sajan, in wani yana turo ƙofa kana tare ta, yaya kake tsayawa?"

Sajan ya dubi Sufeto, sannan ya dafa ƙofar da kafaɗa, ya ja ƙafa ɗaya baya ya tokare.

"Shi ke nan," ta ce. "Layi biyu na zana. Na baya a tsaye, na gaba a karkace kamar ƙafarsa, su ne matokara. In suna nan yadda na ce, wallahi katangar nan ba ta kifewa."

"Kin gan su da idonki kafin a rufe su?"

"Na gani."

"Mai gadin wurin ya ce duk makon da aka yi haƙar bai buɗe wa motarki ƙofa ba."

Ta kau da kai. Sannan hawayen suka zo.

"Mahaifiyata ce a asibiti, an yi mata aiki. Ba ta da kowa sai ni. Na buga wa Baba Sambal waya, ya ce an yi komai yadda na zana. Mutumin da ya haife ni a sana'ar nan, in ce masa ƙarya yake?" Ta haɗiye kuka. "Har yanzu tana kwance. Ba ta san ina nan ba, tana jira in kawo mata abinci. In aka ɗaure ni, yallaɓai, wa zai juya ta a gado?"

Tausayinta ya kama Sufeto, haushinta kuma ya fi tausayin. Ƙaryar nan kaɗai ta ishi alƙali.

"Kin yi sakaci," ya ce mata. "Ko ke kika yi kisa, wannan ne ban sani ba tukuna."

Washegari ya je wurin mai ginin. Ofis ne mai sanyi kamar cikin firji, shi kuma mutum ne mai yawan dariya, irin waɗanda ke ganin duk abin da suka faɗa abin dariya ne.

"Ni ban san komai a harkar gini ba, Sufeto. Ban taɓa sa musu baki ba."

"Wa ya sa tifofi su juye yashi a saman katangar? Na ga sawun taya, na ga tarin yashi a cikin ƙasar da ta gangaro."

Dariyar ta ragu. "To, hanyar ƙasa ce ta yi taɓo, na ce su ajiye a sama. Yashi ne fa kawai."

"Ka ce ba ka sa baki."

"Wannan ai ba sa baki ba ne. Ni fa zuwana wurin ɗaya ne, ranar da aka fara haƙa. Na tarar da inji a jirkice kamar zai faɗi, na ɗan tsokani tsohon nan, yara suka yi dariya, na yi tafiyata."

"Me ka ce masa?"

"Wa ke riƙe wasa a kai? Na manta."

Sufeto ya fito yana tsaki. Amma ya fito da abu ɗaya: ranar farko dai injin a karkace yake.

Da rana ya sa aka kawo katafila, aka kuma zo da Injiniya da ankwa a hannunta. Inda katangar ta kife rodunan duk sun lanƙwashe, ba a gane komai. Don haka ya ce a fara tono daga guntun da ya rage a tsaye, a yi zurfi sosai. Yayyafi yana sauka, leburori sun yi cirko-cirko.

"Yashin da aka tara a sama fa?" ya tambaye ta suna jira. "Ba shi ya ture ta ba?"

"Ya ƙara mata nauyi, ruwa ma ya ƙara. Amma na bar rarar ƙarfi saboda irin wannan. Da matokaran suna nan da sun riƙe."

Turken farko na layin gaba ya bayyana, a karkace, ƙafarsa ta yi waje kamar yadda ta faɗa. Injiniya ta sauke ajiyar zuciya.

Katafila ta matsa gaba. Na biyu ya fito a tsaye ƙyam. Na uku ma haka. Aka yi ta tono har ƙarshen layin, kowanne a miƙe kamar kyandir, kyakkyawan aiki abin sha'awa. Injiniya ta zauna daɓas a cikin taɓo.

"Inna lillahi," ta ce. "An cire wa katangar ƙafa."

Sufeto ya juya wurin Baba Sambal. "Baba, ka ce zane kuka bi."

Dattijon ya kalli ramin. "Ni haka na sani. Injin a hannun marigayi yake, ni ina can wajen kafintoci. Yaro ne, wataƙila karkatar da injin ne ya yi masa wahala. Allah ya yafe masa."

Sufeto ya kau da kai daga ramin. Ya sha ganin ana jibga wa gawa laifi, don gawa ba ta musu, amma bai taɓa sabawa ba. Kuma ya san abin da shugaban ofis zai ce: mai inji ya mutu, wadda ya kamata ta duba shi tana raye, ita za a kai. Ya kalli leburorin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Duk a hannun tsohon suka koyi aiki.

"Cokalin nan fa mai jar waya, na wane ne?"

"Cokula sun yi yawa a wurin gini, ɗana," in ji Baba Sambal.

Ranar Lahadi da hantsi Sufeto ya tafi gidan mamacin. Ɗaki biyu ne a bayan gidan Baba Sambal, tsakar gida ɗaya. Takalman aikin marigayin suna nan a bakin ƙofa, taɓonsu ya bushe. Matarsa tana zaune a ƙasa, jaririya tana barci a cinyarta, idanunta sun kumbura. Mahaifinta ya fita raka masu gaisuwa.

"Ya ƙarin haƙuri, 'yata?"

"Da godiya, yallaɓai. An ce gobe za a kai matar nan kotu?"

"Haka aka ce."

"Allah ya sa ta ruɓe a can." Muryarta ta yi kaifi. "Ta zauna a ofis ta zana shirme, ta mayar min da 'ya marainiya. Ai da ba don Babana ba, da tun kafin a ɗora katangar za ta zube."

Sufeto ya dube ta. Ya yi ƙoƙari muryarsa ba ta canja ba. "Kamar yaya?"

"Karkatattun turaku fa ta ce a yi! Ka taɓa jin an yi gini a kan karkataccen abu? Maigidana ya fara yi mata ɗaya, Baba ya hana. Ya ce shi ba a yi karkataccen aiki a gabansa ba yana da ƙuruciya, ba za a fara da furfurarsa ba. Shi ya tsaya a kan injin da igiyar awonsa har aka miƙe mata su duka. Ya rufa mata asiri, ko godiya ba ta yi ba."

Da alfahari take faɗa, har ta ɗan ɗaga kai. Sufeto ya so a ce bai zo ba.

"Maigidanki ne ya gaya miki?"

"Shi ne. Ya dawo ransa a jagule, ya kasa cin abinci, wai yana tsoron abin da Injiniya za ta ce. Na ce masa kai ma dai, Baba ne zai yi kuskure a gini? Shi kuwa ko ido ba ya iya haɗawa da Baba, balle ya yi masa musu."

Sufeto ya karɓi ledar daga hannun Sajan, ya nuna mata.

"Cokalin Baba ne," ta ce nan take. "Ba ya ba kowa aro. Ranar ma na yi mamaki da ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da sassafe ya miƙa masa, ya ce ya riga leburori zuwa, akwai ɗan gyara." Sai ta tsaya. Ta kalli cokalin, ta kalli fuskar Sufeto. "Me ya sa kake tambaya?"

A daidai lokacin Baba Sambal ya shigo tsakar gidan, ya ga ledar, ya ga 'yarsa, ya tsaya inda yake.

"Baba, mu fita waje mu yi magana," in ji Sufeto.

"A'a." Matar ce ta faɗa. "A nan za a yi."

Dattijon ya lalubi bango ya jingina. Sannan ya sulale ya zauna a dandamali.

"Wane gyara ka aike shi?" Sufeto ya tambaya.

"Tsaga ce," ya ce a hankali. "Na gan ta da yamma bayan an tashi aiki. Daga sama har ƙasa, yatsana yana shiga."

"Ka san abin da take nufi?"

"Na sani. Yaron da ya fara ɗaukar bulo jiya ma ya sani."

"Me ya hana ka kira Injiniya, ka hana mutane matsawa kusa?"

"In na kira ta za ta ce a tona. In aka tona za a ga abin da na yi." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na ce a shafe ta da siminti kafin kowa ya gani, in samu lokaci in yi dabara. Ban yarda da bakin lebura ba. Shi kuwa na gida ne, ba zai faɗa ba. Da ya ji aiken sai da ya ce min, Baba, an kwana ana ruwa fa. Na ce masa tsoro kake ji? Sai ya karɓi cokalin."

"Turakun fa? Me ya sa ka miƙe su?"

"Mai ginin ne ya zo ya ga injin a jirkice. A gaban yarana ya ce, Baba Sambal, ido ya fara mutuwa ne, ko hannu ne ke rawa? Suka kwashe da dariya. Yaran da na koya wa riƙon cokali!" Muryarsa ta karye. "Ni ban taɓa aiki da irin turakun nan ba. Ita ta yi min bayani, na gyaɗa kai, amma a raina na ce wayon takarda ne. Abin da na sani tun ina yaro shi ne, abin da ya miƙe shi ne mai ƙarfi. Wallahi gyara na ɗauka nake yi."

"Da ta bugo waya ka ce an bi zane."

"Na ce."

"Jiya kuma ka ce laifin marigayi ne."

Dattijon ya sunkuyar da kai.

Matar ba ta yi ihu ba, Sufeto kuwa ya fi son a ce ta yi. Ta kwantar da jaririyar a kan tabarma, a hankali don kada ta farka.

"Baba," ta ce, "ka ce shi ne ya yi? Yana kwance a ƙasa ka ce shi ne?"

"Uwata, ki saurare ni..."

"Har da ni aka tura shi. Ni na ce masa Baba ba ya kuskure."

Sufeto ya ce wa Sajan ya buga ofis, ya gaya wa shugaba an samu mai laifin, ya amsa da bakinsa, a fitar da Injiniya daga inda ake tsare da ita ta tafi wurin mahaifiyarta. Maganar sakacinta hukumar aikinsu ce za ta ji da ita. Bai ji daɗin komai ba da ya faɗi haka, gajiya kawai ya ji.

"Tashi mu tafi, Baba."

Sajan ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Suka kama dattijon ta hammata suka miƙar da shi. Maƙwabta sun fara leƙe ta kan katanga. Har sun kai ƙofar gida ya tirje, ya waiwayo.

"Uwata, ki ce min wani abu. Ko zagi ne."

Ta tashi ta shiga ɗakinsa. Dattijon ya bi ƙofar da ido, fuskarsa ta ɗan saki. Jim kaɗan ta fito da ƙaramar leda a hannu. Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta miƙa wa Sajan.

"Maganin hawan jininsa ne," ta ce. "Safe da yamma yake sha, bayan ya ci abinci. Sai an tuna masa."

Ta koma ta ɗauki 'yarta, ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa.